Babi na Bakwai: Kwana 75 a Tsallaken Gada

Ranar Alhamis 26 ga Maris, 2020, Mataimakiyar Gwamnan Kaduna, Dakta Hadiza Balarabe, ta yi wa jama'ar jiha jawabi, ta ce daga tsakar daren nan kowa ya zauna a gidansa, ba shiga ba fita, dare da rana. Lokacin ko mutum ɗaya ba a sanar ya kamu da korona a jihar ba. Bayan kwana biyu aka ji na farko, kuma Gwamna Nasiru El-Rufa'i ne da kansa. Makarantu tun ranar Litinin 23 ga wata aka sallami yara, acaɓa da Keke Napep kuma an riga an dakatar da su don ba a iya ba da tazara a kansu. Gwamnatin tarayya ma sai ranar 30 ga wata ta rufe Legas da Ogun da Abuja. Kullen Kaduna ya kai kwana 75, sai ranar 9 ga Yuni gwamna ya sanar da sassauta shi.

'Yan kasuwa sun yi kuka an ji su, limamai da fastoci sun yi magana an buga a jarida, 'yan acaɓa sun koka a rediyo. Gidan da ke rainon yaro mai naƙasa kuwa, shiru aka ji daga gare shi, domin dama can ba gida ba ne mai fitowa fili.

Kafin a fahimci abin da ya sami irin waɗannan gidaje, sai an san yadda Kogin Kaduna ya raba garin. Wanda ya haye gada daga shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello ya faɗa Barnawa da Kakuri da Makera da Television a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, idan ya miƙa sai Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora da Maraban Rido a ƙaramar hukumar Chikun. Masaƙu ne suka tara jama'a a nan. KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Peugeot ta zo a 1975, matatar mai a 1980. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, sauran bi da bi, ma'aikata ba su koma garuruwansu ba. Suka zauna a gidajen hayar nan masu ɗaki a jere, rijiya ɗaya, bayi ɗaya, suna neman na yau a ci yau. Rikicin 2000 da na 2002 ya ƙara tankaɗe garin, Kiristoci da yawa suka komo kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa, ko da yake har gobe akwai Musulmi jingim a Nasarawa da Tirkaniya da Makera da Barnawa.

Mutane sun yi ƙaura, amma cibiyoyi suna nan inda aka gina su. Asibitin koyarwa na Barau Dikko yana arewacin kogi. Cibiyar kunne ta ƙasa tana can, cibiyar ido ta ƙasa tana Mando, makarantar kurame ta Kawo da makarantar jiha ta yara masu buƙata ta musamman, KASSES, duk sai an haye gada. Kudu ba ta tashi a tutar babu ba, tana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, da asibitin St Gerard da na Gwamna Awan a Kakuri, da cibiyar koya wa naƙasassu sana'a ita ma a Kakuri. Amma ga uwar da ke Unguwar Romi, ko Barnawan ma tafiya ce ta hawa biyu, da yaro ɗan shekara takwas goye a baya, ƙafafunsa na reto har gwiwarta.

Asibitoci ba a rufe su ba, dokar ta keɓe ma'aikatan lafiya. Abin hawan da zai kai mutum ƙofar asibitin ne babu. Mai mota zai iya gwada sa'arsa a shingen jami'an tsaro, ya sauke gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne ba lafiya," ya nuna katin asibiti. Wadda ba ta da mota sai ƙafa. Kuma fitar ba abin wasa ba ce. A farkon Afrilu an yi arangama tsakanin jami'an tsaro da 'yan kasuwa a Tirkaniya, aka rasa rayuka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe a faɗin Najeriya cikin mako biyun farko na kulle, 12 daga cikinsu a Kaduna, mafi yawa a tarzomar gidan yari. Uwar da ta ji wannan labari, ba mai ganin laifinta idan ta ce gashin ƙashin wannan makon a bar shi sai an buɗe gari.

Matsalar ita ce jikin yaro ba ya jiran a buɗe gari.

A ɗauki yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun wajen haihuwa, ko don doguwar naƙuda ta hana shi iska, ko don shawara ta kama shi a makon farko ba a sa shi a wutar asibiti da wuri ba, ko sanƙarau ya bi ta kansa. Jijiyoyinsa a ɗaure suke. Mai gashin ƙashi zai kwantar da shi a tabarma, ya tallabe dunduniyar da tafin hannu, ya tura ƙafar sama a hankali har jijiyar ƙwauri ta miƙe, ya riƙe yana ƙirga, yaron na kuka, uwar na rarrashi. Sai ya buɗe cinyoyin da suke son harɗewa, ya warware yatsun da suka dunƙule a kan babban yatsa, ya zaunar da shi ya tokare bayansa don wuya ya koyi ɗaukar kai. Aiki ne na kullum a gida, zuwa asibiti kuma don a duba, a gyara wa uwa hannu, a ƙara mata ƙarfin gwiwa. Idan aka bari wata biyu, wata uku, jijiya sai ta gajarce, gaɓa ta ƙage, abin da aka shekara ana nema ya zube. Wani ƙagewar ma sai tiyata ke warware shi, tiyatar da gidan ba shi da kuɗinta.

Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe shi ma kwanakinsa a ƙirge suke. Maganinsa ɗaurin filasta ne da ake sauyawa duk mako, sau biyar zuwa takwas, kuma ya fi kyau a fara tun makonnin farko da ƙashi ke da taushi. Jaririn da ya zo duniya ranar da aka rufe gari ya kusa wata uku kafin a buɗe.

Mai farfaɗiya ya fi kowa shiga haɗari. Magungunan da aka fi bayarwa a nan, irin su phenobarbitone da carbamazepine da sodium valproate, ba a yanke su farat ɗaya. Yaron da ya shekara bai faɗi ba, idan ƙwayar ta ƙare aka kwana biyu, ciwon na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Faɗuwar da ta wuce minti biyar ba ta saki ba kuwa maganar gaggawa ce, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ta tafi da rai. Yawancin iyaye na wata guda suke saye, wasu na mako, wasu ma ƙwaya goma-goma a kemis gwargwadon abin da ke hannu. Da kuɗi suka yanke, dabarar da ta rage ita ce a raba ƙwaya biyu, ko a ba da ta safe a tsallake ta dare. Ga maƙwabta da shawarwari, a sa masa cokali a baki, a yi masa hayaƙi, a ɗura masa wani jiƙo. Duka ukun cutarwa suke yi. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo. Wannan bayani bai fi minti ɗaya a rediyo ba, kuma da ya samu gurbi kusa da sanarwar wanke hannu, da ya yi amfani.

Kada a ɗauka kullen ba shi da dalili. Waɗannan yara suna cikin waɗanda cutar numfashi ta fi yi wa illa. Kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar galahanga irin wadda likitoci ke kira Down suna zuwa da matsalar zuciya, kuma wani bincike da masana na jami'ar Oxford suka fitar a Oktoban 2020, kan manya miliyan takwas a Ingila, ya nuna masu wannan lalura sun ninka sauran mutane sau goma wajen haɗarin mutuwa da korona. Yaron da abinci ke sarƙe shi, ƙirjinsa dama a raunane yake. Tsoron iyaye na kai shi asibiti, a Kakurin da aka ajiye cibiyar killace masu cutar, tsoro ne mai tushe. Gwamnati ta yi daidai da ta ɗauki annobar da gaske. Inda ta gaza shi ne ta gina katanga ba ta bar ƙofa ba.

Wasu ƙasashe sun bar ƙofar. Ranar 2 ga Afrilu, 2020, Shugaba Macron na Faransa ya sassauta dokar fita ga masu lalurar otizim, don su riƙa zuwa wuraren da suka saba. A Ingila ma cikin watan aka gyara ƙa'ida, aka yarda su fita fiye da sau ɗaya a rana. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna da irin yaron. Rayuwarsa a kan tsari take, ƙarfe kaza wanka, ƙarfe kaza makaranta, hanya ɗaya, kofi ɗaya. Ran da tsarin ya rushe, sai ihu, sai buga kai a bango, sai cizon hannu, sai dare ya raba bai runtsa ba. A gidan haya mai ɗaki goma, inda kowa ke zaune ba aiki, ga zafin Afrilu, ga yunwa, haƙurin maƙwabta ba ya nisa. Wannan sassauci ko kwabo bai ci wa Faransa ba, sa hannu ne a takarda.

Ta ɓangaren karatu, ma'aikatar ilimi ta jiha ta yi hanzari. Cikin Afrilu ta fara darussa ta rediyo da talabijin, ta soma da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare masu jiran jarrabawa. Yunƙuri ne mai kyau, amma kurma ba ya jin rediyo, makaho ba ya ganin allon talabijin, mai jinkirin fahimta kuma sai malami ya zauna kusa da shi ya maimaita sau goma. Na kurma ya fi ciwo. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ya samo tushe daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma ba su iya wannan yare ba, sai 'yan alamun gida na ci, sha, zo, tafi. Makaranta ce kaɗai inda yaron ke hira, ya yi gardama, ya ba da labari. Da aka rufe ta, ya dawo cikin 'yan uwansa ya zama baƙo. Ya ga kowa ya rufe baki da takunkumi, leɓen da yake karantawa ya ɓace, kuma ba mai iya faɗa masa me ke faruwa. Kwamitin shugaban ƙasa kan korona da Boss Mustapha ya jagoranta yana tsayar da mai fassara da hannu a jawabinsa na kullum daga Abuja, sai dai wannan sai gidan da ke da talabijin da wuta. An buɗe makarantu aji-aji daga Agusta, aka sake rufewa a Disamba da cutar ta dawo.

Duk wannan nauyi a wuyan mace yake. Ita ce likita, ita ce malama, ita ce mai gashin ƙashi, kuma sau da yawa ita ce mai nemo abinci, da tuyar ƙosai ko awara a bakin titi, da wankau, da kitso, da 'yar tireda a ƙofar gida. Kafin kulle akwai masu kama mata, ko ba a kira su da wani suna ba: kakar yara da ke zuwa daga Gonin Gora ta wuni, maƙwabciyar da za a ce wa, "Maman Ladi, don Allah ki duba mini shi in je kasuwa in dawo," awa biyar ɗin makaranta da take samu ta yi sana'a. Duka suka yanke rana ɗaya. Da aka fara buɗe gari kwana biyu a mako, aka mai da filayen makarantu kasuwannin unguwa, sai ga tambayar da ba a tanadi amsarta ba: wa zai zauna da yaron? Kuma cefanenta ba irin na kowa ba ne. Yaron da ba ya tauna sai kunu mai kauri da madara da abinci mai laushi. Wanda ba ya riƙe fitsari, ko ya kai shekara goma, sai famfas ko tsumma, tsumma kuma sai sabulu da ruwa, ruwa kuma sai an saya wurin mai kura.

Gwamnatin jiha ta ware naira miliyan 500 don sayen abinci, ta fara rabo a ƙananan hukumomi tara, ciki har da Chikun da Kaduna ta Kudu, ta hannun kwamitocin unguwanni. Ta yanki albashin manyan jami'anta da na ma'aikata masu ɗaukar sama da naira 67,000 don yaƙi da cutar. A Abuja, ranar 13 ga Afrilu, Shugaba Buhari ya ba da umarnin a faɗaɗa rajistar talakawa daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Kuɗi sun fita, buhuna sun fita. Amma rabo irin wannan yana bin wanda aka sani ne da wanda ya iya tsayuwa a layi. Naƙasassu manya suna da ƙungiyoyi da sarakunansu, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai haɗaɗɗiyar ƙungiya ta JONAPWD, kuma da wuya a yi rabo ba su je sun yi magana ba. Yaro ɗan shekara shida da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba ya cikin kowace ƙungiya. Ba ya rajistar makaranta, wataƙila ko takardar haihuwa ba shi da ita. Wani ma maƙwabtan layi na biyu ba su san da shi ba, don iyaye sun gaji da jin ana cewa ɗan ruwa ne, ko aikin iska ne, ko alhaki ne ke bin gidan. Irin wannan magana ba ta san masallaci ko coci ba, duka ɓangarorin ana yin ta, kuma ita ce ta fara kulle yaran nan shekaru kafin korona.

UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Ko da wannan ma'auni kaɗai aka auna unguwa kamar Sabon Tasha ko Nasarawa, za a ga magana ce ta kowane layi.

Ranar 24 ga Oktoba, 2020, jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona a Gwari Avenue da ke Barnawa, suka yi ta jidar buhuna da katan-katan. Gwamnati ta sa dokar hana fita a Barnawa da Kakuri da Television da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Maraban Rido, daga baya ta game jihar. Ko a wannan wawaso mai ƙarfi ne ya samu. Uwar da ke goye da ƙaton yaro ba ta sami ko ƙullin taliya ba, sai wani sabon kullen.

To wa ya riƙe gidajen nan? Mafi yawa mutanen da ba aikinsu ba ne. Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, azumi ya kama ranar 24, Ƙaramar Salla ranar 24 ga Mayu, duk a cikin kulle. Zumuntar Mata a coci-coci, waɗanda dama su ke da al'adar ziyarar marasa lafiya, sun san gidan da ke da irin yaron ko da mai unguwa bai sani ba. Kwanon buɗa-baki da zakkar fidda-kai sun shiga gidajen da buhun gwamnati bai shiga ba. Mai kemis ya ba da magani bashi, 'yan adashe suka sauya wa wata kwasa don ta fi matsuwa, mai gashin ƙashi ya amsa waya da kuɗin katinsa ya ce, "Mama, ki ɗora wayar a gefe, ki kama ƙafar yadda na nuna miki." Wannan taimako abin a yaba ne, amma na sa'a ne. Wadda ta yi dacen maƙwabta ta samu, baƙuwar da ta tare a unguwa wata biyu kafin kulle ba ta da kowa.

Abin takaicin shi ne doka tana nan tun kafin annobar. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce a fara sallamar su a layi, ta kuma ɗora wa gwamnati alhakin kare su a lokacin haɗari da bala'i. Amma hukumar da za ta aiwatar da ita ba a kafa ta ba sai Agustan 2020, bayan kulle ya wuce, aka naɗa James Lalu sakataren zartarwa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, ta kafa hukumar kula da al'amuran naƙasassu a madadin tsohuwar hukumar gyaran rayuwarsu. Ci gaba ne na gaske. Sai dai tunanin hukuma a kan naƙasa ya daɗe yana zagaye bara da koyon sana'a da rabon kekuna, wato harkar manya. Yaro da mai rainonsa har yanzu suna gefe.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ba. Katin asibitin yaro ya zama takardar wucewa a shinge, a kuma rubuta haka cikin sanarwar dokar tun daren farko, yadda ɗan sandan da ke gadar Nasarawa zai ji da kunnensa. Mai farfaɗiya a ba shi maganin wata uku, a kuma sauko da maganin asibitin unguwa maimakon sai Barnawa. A koya wa iyaye mata gashin ƙashi da yaren hannu tun ana zaman lafiya, rukuni-rukuni, a harabar coci da makarantar Islamiyya. Amma duk waɗannan suna rataye ne a kan abu ɗaya, a san yaran da gidajensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma mutanen tsallaken gada sun san hana fita ba sai da annoba ba. Sun gan ta a 2000 da 2002 da 2011 da 2012, sun gan ta a Oktoban 2018 bayan rikicin Kasuwan Magani, sun sake ganin ta a Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Za ta sake zuwa, kuma ba ta ba da sanarwar mako guda. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin asibitin matakin farko a kowace ɗaya. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun shekara da shekaru suna bin gidajen nan ƙofa-ƙofa, suna rubutu da alli a bango. Su da masu unguwanni da shugabannin mata za su iya rubuta sunan kowane yaro mai naƙasa, da irin lalurarsa, da maganin da yake sha, da lambar wayar mai rainonsa, a ajiye a asibitin mazaɓa cikin sirri. Shugabannin ƙananan hukumomin Chikun da Kaduna ta Kudu ba sa buƙatar izinin Abuja kafin su fara wannan aiki, kuma yanzu da hanya take a buɗe ya kamata su fara.